Hasashen Gayya: Shin Wayar Ta Ce Lalle, Ko Ta Ce Wataƙila?

A farkon daminar da ta gabata na kai ziyara Daura, ba Daurar Bayajida ba, Daurar da ke cikin Ƙaramar Hukumar Karaye a yammacin Jihar Kano, domin in gai da wani baffana da ya kwana biyu ba ya jin daɗi. Bayan sallar la'asar muna zaune a zaure sai ɗansa, wanda malamin makaranta ne, ya zaro wayarsa ya nuna mana hoton gajimare da ɗigon ruwa a ƙarƙashinsa, an rubuta Alhamis, milimita 28. Ya ce, "Baba, a fito da iri, jibi akwai ruwan shuka." Tsohon ya ɗan leƙa gabas, ya yi shiru, sannan ya ce, "To ita wayar, lalle ta ce, ko wataƙila ta ce?" Daga ni har ƙanen nawa babu wanda ya iya ba shi amsa, domin babu ko ɗaya daga cikin kalmomin nan biyu a fuskar wayar. Lamba ce kawai.

An dai bi maganar mai ilimin zamani, aka binne masarar da aka sayi irinta da tsada. Ranar Alhamis hadari ya haɗo kamar gaske, amma sai ya zarce ya sauke kayansa wajen Rogo, Daura kuwa yayyafi ta samu, irin wanda ke jiƙa iri ya kumbura ba tare da ya ratsa ƙasa ba. Aka yi kwanaki babu ɗigo. Da na sake komawa sai na tarar an sake sayen iri, ƙanen nawa kuma ya goge manhajar daga wayarsa yana cewa ƙarya ce tsagwaronta.

Ni ba masanin yanayi ba ne, ɗalibin harshe ne. Amma tambayar baffana tambaya ce ta harshe, ita ce kuma ta sa na shiga bibiyar yadda ake ƙera waɗannan lambobi. Abin da na gano shi ne, amsar da tsohon ya nema tana nan, masana sun lissafa ta, sai dai a kan hanya tsakanin kwamfutarsu da zaurenmu aka yar da ita.

Asalin gayyar

A shekarar 1961 wani masanin lissafi da yanayi a jami'ar MIT ta Amurka, Edward Lorenz, ya so ya maimaita wani lissafin yanayi da ƙaramar kwamfutarsa ta riga ta yi. Don ya rage wa kansa aiki, maimakon ya shigar da lamba mai gurbi shida bayan ɗigo sai ya shigar da gurbi uku kawai, yana ganin abin da ya zubar bai taka kara ya karya ba. Da farko lissafin biyu suka jera, can sai suka fara rabuwa, daga ƙarshe suka zama kamar ba daga tushe ɗaya suka fito ba. A 1963 ya wallafa bayanin dalili: sararin samaniya yana da halin da kuskure ɗan mitsitsi a ma'aunin yau ke girma ya zama babban saɓani bayan 'yan kwanaki. Tun da kuwa babu wanda zai iya auna iska da zafi da danshin kowane lungu na duniya ba tare da kuskure ba, to duk hasashe yana ɗauke da ƙwayar ɓatansa tun daga farko.

Maganin da masana suka samo shi ne wanda Bahaushe ya daɗe da sani, wato shawara ɗaukar ɗaki. Maimakon a yi lissafi sau ɗaya a ce ga gobe, sai a yi shi sau da yawa, kowane karo a ɗan sauya ma'aunin farko daidai gwargwadon kuskuren da ake jin yana ciki, sannan a duba a ga ko amsoshin sun haɗu ko sun watse. Wannan ne na ga ya dace mu kira hasashen gayya, domin gona ɗaya ce hannu da yawa, kowane lissafi kuma mu kira shi ɗan gayya. An fara aiki da wannan dabara a ƙarshen shekarar 1992, a cibiyar hasashen ƙasashen Turai da ake kira ECMWF mai hedikwata a Reading ta Ingila, da kuma cibiyar hasashe ta Amurka. Gayyar Turai tana da 'yan gayya 51 da ke hangen kwana 15, ta Amurka kuwa, wadda ake kira GEFS, tana da 31. Yawancin manhajojin da ke wayoyinmu daga irin waɗannan cibiyoyi suke ɗibar bayanai, amma da yawansu muryar lissafi ɗaya tak suke nuna mana, ko kuma su dunƙule muryoyin duka su mayar da su lamba guda.

Hotuna uku da tarkonsu

Wanda ya buɗe shafukan da ke nuna gayyar kanta, kamar taswirorin da ECMWF ta buɗe wa kowa kyauta tun 2020, zai ci karo da hotuna iri uku, kowanne da inda yake yaudarar ido.

Na farko shi ne wanda Turawa suka yi wa laƙabi da taliya, saboda kowane ɗan gayya an ja masa zarensa a kan takarda ɗaya. A kwana na farko da na biyu zaruruwan sukan haɗe kamar igiya guda, can wajen kwana na bakwai sai su warwatse kamar an zube taliya a faranti. Karatunsa mai sauƙi ne: inda suka haɗe akwai ƙarfin gwiwa, inda suka watse masana na gaya maka cewa ba su sani ba. Kuskuren da ake yi shi ne mutum ya zaɓi zaren da ya yi daidai da son ransa, mai jiran shuka ya bi wanda ya fi ruwa, mai shirin biki ya bi wanda ya fi bushewa.

Na biyu shi ne matsakaici, kuma shi ne ya fi haɗari saboda ya fi kama da gaskiya. Mu ɗauki misali. A ce cikin 'yan gayya 50, goma sun ce za a yi ruwa milimita 50 a Karaye, arba'in sun ce ko ɗigo ba za a yi ba. Idan aka haɗa aka raba, matsakaici zai ba da milimita 10. To amma fa babu ɗan gayya ko ɗaya da ya ce za a yi ruwa milimita 10. Abin da gayyar ta faɗa shi ne: galibi babu ruwa, amma akwai kashi 20 cikin ɗari na yiwuwar a tafka mai yawa. Wanda ya ga lamba 10 a wayarsa zai zaci ɗan madaidaicin ruwa ne ke tafe, alhali wannan ne kaɗai abin da ba a hango ba. Kamar a ce gida biyu ne, ɗaya ya ci tuwo malmala huɗu ɗaya ya kwana da yunwa, sai a rubuta cewa kowane gida ya ci biyu.

Na uku shi ne kaso, wato a ƙidaya 'yan gayya nawa ne suka haura wani ma'auni, misali milimita 20 a yini, a mayar da shi kashi cikin ɗari. Wannan ne ya fi kusa da amsar tambayar baffana, amma shi ma sai an san ma'aunin da aka sa da faɗin wurin da ake magana a kai. Kashi 70 na samun abin da ya kai milimita ɗaya ba ya nufin komai ga mai shuka, domin milimita ɗaya ƙura kawai take kwantarwa.

Darasi daga ƙasar dusar ƙanƙara

Kada mai karatu ya ɗauka mu kaɗai ne ke faɗawa wannan rami. A ranar 26 ga Janairu, 2015, hukumar yanayi ta Amurka ta yi hasashen cewa dusar ƙanƙara mai zurfin inci 20 zuwa 30 za ta rufe birnin New York. Gwamna Andrew Cuomo ya hana zirga-zirgar motoci, aka kuma tsayar da jiragen ƙarƙashin ƙasa, karo na farko a tarihinsu da aka yi haka saboda dusar ƙanƙara. Da gari ya waye abin da aka auna a tsakiyar birnin bai cika inci 10 ba. Guguwar ta zo, amma ta karkata gabas kaɗan, ta sauke fiye da ƙafa biyu a Boston. Wani babban jami'in hukumar, Gary Szatkowski, ya fito ya ba jama'a haƙuri, shugabanta kuma, Louis Uccellini, ya amince cewa akwai gyara a yadda suke bayyana wa mutane rashin tabbas. Lissafe-lissafen da ke hannunsu sun saɓa wa juna tun kafin ranar, birnin kuma yana daidai bakin iyakar da ɗan gocewa kaɗan ke sauya komai, amma abin da ya isa kunnen jama'a lamba ɗaya ce.

A wajensu ma akwai ƙarin wahala, domin abin da kwamfuta ta fi iya lissafawa shi ne yawan ruwan da zai sauko, sai a juya shi zuwa zurfin dusa. Taswirori da dama suna ɗauka cewa inci ɗaya na ruwa zai ba da inci 10 na dusa, alhali idan da ɗan ɗumi ba ta kai haka ba, idan kuwa sanyi ya tsananta takan ninka. Saboda haka kowace shekara ake samun masu ɗauko taswira mai launin ban tsoro daga lissafi ɗaya na kwana goma gaba su watsa a Facebook, jama'a su ruɗe. Mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma ɗabi'ar ɗaya ce: hoton da ya fi ja shi ake turawa a WhatsApp.

Namu ya fi nasu wuya

Wani hanzari ba gudu ba. Ko da mun iya karatun gayyar, akwai iyakar da ta shafe mu musamman. Ruwan Turai yakan zo ne da manyan tsare-tsaren iska masu faɗin ɗaruruwan kilomita, waɗanda kwamfuta ke hango su tun daga nesa. Namu kuwa mafi yawansa hadari ne da ke haɗuwa cikin 'yan sa'o'i, ya taso daga gabas da iska a gabansa, ya jiƙa wannan gari ya tsallake wancan. Kwamfuta tana yanka duniya ne gida-gida kamar dara, ta ba kowane gida lamba ɗaya. Gidan gayyar Turai, tun 2023, faɗinsa kimanin kilomita 9 ne, na Amurka kuwa kimanin 25. Ke nan a idon wani lissafin, ƙauyuka da yawa na ƙasar Karaye gida ɗaya ne, alhali kowane manomi ya san ana iya yin ruwa a gonar maƙwabcinsa tasa ta kwana a bushe.

A 2018 wasu masana a Karlsruhe ta Jamus, Peter Vogel da abokan aikinsa, sun gwada hasashen gayya na manyan cibiyoyin duniya a kan ruwan da aka auna a arewacin Afirka mai zafi, wanda ya haɗa da yankinmu. Sakamakon ya nuna cewa ɗanyen hasashen, wanda ba a gyara shi da ma'aunin wurin ba, sau da yawa bai kai ma hasashen da aka gina kan tarihin ruwan shekarun baya kaɗai inganci ba, bayan gyara kuma da kaɗan ya ɗara shi. Ƙari a kan haka, 'yan gayya duk 'yan gida ɗaya ne, tsarin lissafi ɗaya ya haife su, don haka suna iya haɗuwa a kan kuskure. Haɗuwar bakinsu alama ce mai kyau, amma ba rantsuwa ba ce. Ga kuma ƙarancin tashoshin awo: lambar da waya ke rubutawa a ƙarƙashin sunan Daura ba daga wani ma'auni da aka kafa a Daura ta fito ba.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da hasashe. An fi dacewa wajen hango zafi, da hazon hunturu, da ko mako mai zuwa zai fi wanda ya wuce danshi a faɗin yanki, fiye da faɗin ranar da ruwa zai sauka a gona kaza. Ambaliyar 2012 da ta 2022, da ɓallewar madatsar Alau da ta cinye Maiduguri a Satumban 2024, sun isa su nuna mana cewa toshe kunne ga gargaɗi ya fi tsada. Mutanen da ke zaune a gefen madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992 a nan ƙasar Karaye, da waɗanda ke ƙasa da ita har zuwa fadamun Haɗeja, suna da haƙƙin a gaya musu yiwuwar ruwa mai yawa ko da kashi 20 ne.

Inda harshe ya shigo

A nan ne nake ganin laifin namu ne, mu masu nazarin harshe. Hausa ba ta rasa kayan auna tabbas ba. Muna da tsani cikakke: ba makawa, lalle, da alama, mai yiwuwa, wataƙila, da wuya, da ƙyar, faufau. Har a cikin nahawu muna da abin da Ingilishi ba shi da shi a dunƙule, wato lokaci mai zuwa iri biyu. "Za a yi ruwa" magana ce ta mai ƙarfin gwiwa. "Â yi ruwa", da faɗuwar murya, magana ce ta mai sa rai wanda bai ɗaure kansa ba. Abin takaici, rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, saboda haka wannan lokaci na biyu ya kusa ɓacewa daga takarda, masu fassara a gidajen rediyo kuma sun saba da mayar da kowane hasashe "za a yi". Da an ce za a yi kuma ba a yi ba, sai mai sauraro ya yanke hukunci iri biyu: ko dai ƙarya ake yi masa, ko kuma ana shisshigi cikin gaibu. Alhali hasashen gayya shi kansa shaida ce daga bakin masana cewa ba su san gobe ba, kirdado suke yi da abin da aka auna, kamar yadda baffana ke kirdado da zuwan shamuwa da juyawar iska.

Amma kalma kaɗai ba ta isa ba sai an ɗaure ta da lamba. A 1951 jami'an leƙen asirin Amurka sun rubuta cewa akwai babbar yiwuwar a kai wa Yugoslabiya hari. Da Sherman Kent ya tambayi abokan aikinsa da suka sa hannu a takardar abin da suke nufi, sai ya tarar wani na nufin kashi 20 wani kashi 80. Lamba ita ma ba ta tsira ba. A 2005 Gerd Gigerenzer da abokansa sun wallafa binciken da suka yi a birane biyar kan ma'anar kashi 30 na yiwuwar ruwa gobe: a biranen Turai da yawa sun ɗauka ana nufin za a yi ruwa a kashi 30 na yinin, ko a kashi 30 na yankin. Ma'anar da masana ke nufi ita ce, cikin ranaku goma masu irin wannan hasashe, a uku ne za a yi ruwa. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya magance wannan ta hanyar yanka wa kowace kalma iyakarta, har ya zama idan sun ce abu mai yiwuwa ne suna nufin kashi 66 zuwa sama. Me zai hana Hausa ta samu irin wannan tsani?

Bukatar ta fi fitowa fili a hasashen damina baki ɗaya. Hukumar NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003, tana fitar da hasashen shekara a farkon kowace shekara, kuma tana fassara shi zuwa Hausa, abin da ya cancanci yabo. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda ta faro tun 1974 bayan babban fari, ita ma tana tara masanan yankin su fitar da nasu, sukan kuma raba shi gida uku: sama da yadda aka saba, daidai, ko ƙasa. Idan aka rubuta 45, 35, 20, kanun labari yakan ce za a yi ruwa mai yawa bana. Gaskiyar lissafin kuwa ita ce yiwuwar kada hakan ta faru, wato kashi 55, ta fi yawa. Haka nan kalmar faɗuwar damina. A wajen masana ba ruwan farko ba ne. Ma'aunin da M. V. K. Sivakumar ya fitar a 1988 daga cibiyar ICRISAT ta kusa da Yamai ya ce sai an tara milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a samu tsaikon da ya wuce kwana bakwai ba cikin kwana 30 da suka biyo baya. Ashe abin da ƙanena ya kamata ya duba shi ne makon da ke bayan Alhamis, ba Alhamis ɗin kaɗai ba.

Lamba ɗaya, shawara biyu

Abu na ƙarshe da ya kamata ɗan boko ya fahimta kafin ya ba iyayensa shawara shi ne, kaso ba ya yanke hukunci, mai gona ne ke yankewa, gwargwadon abin da zai rasa. Wanda ya shanya masara ko barkono, idan rufewa da tamfol zai ci masa naira dubu biyar, jiƙewa kuma ta jawo masa asarar dubu ɗari, to ko kashi 10 aka ce ya kamata ya rufe, domin kuɗin rigakafin kashi 5 ne kacal na asarar. Amma wanda zai binne irin da ba shi da kuɗin sake sayen wani, kashi 60 ma bai isa ya sa shi gaggawa ba. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Saboda haka ina kira ga NiMet da sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'inmu, musamman Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo, da su zauna tare da ma'aikatan rediyo da malaman gona su tsayar da tsanin kalmomi biyar ko shida na Hausa, kowace da iyakarta ta lamba, a gwada shi a kasuwannin ƙauye kafin a buga. An yi irin wannan aiki ga nahawu da adabi a Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Dalhatu Muhammad ya tace a 1990, babu dalilin da zai sa ilimin yanayi ya gagara. Gidajen rediyo su dawo da wataƙila cikin labaransu, ba abin kunya ba ce. Gwamnatin jiha kuma ta sa ma'aunin ruwa a makarantun sakandare na Karaye da Rogo da sauransu, ɗalibai su riƙa rubutawa kullum, domin da irin wannan rubutu ne ake gyara ɗanyen hasashe ya dace da wuri. Mu kuma da ke ɗauke da wayoyi, kafin mu tura wata taswira gida, mu tambayi kanmu abu uku: muryar ɗan gayya ɗaya ce ko ta duka, kwana nawa ne gaba, kuma sun haɗu ko sun watse?

Da na koma Daura a kaka na ba baffana amsar tambayarsa, na ce masa wataƙila wayar ta ce, mu ne muka ji lalle. Ya yi murmushi ya ce da an gaya masa haka tun farko, da rabin irin zai binne ya ajiye rabi. Allah ya ba mu damina mai albarka.